Hutun Ƙarshen Shekara a Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska, Tsakanin Tsibiran Kanari

Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ya san abin da watan Disamba ke yi wa baƙo. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, abokan aiki kowa ya tattara ya nufi gidan iyayensa, tikitin jirgin Abuja kuwa ya yi tsadar da ko kallonsa ba ka son yi. Shi ya sa da wani abokin aikina ya ce iyayensa na neman mutum na uku da zai taya su gadin dare a jirgin ruwansu a tsibiran Kanari, ban ɓata lokaci ba. Na dai gaya masa gaskiya, iyon ma da ƙyar na iya. Ya ce ai ba gwani suke nema ba, mai ido biyu suke so, wanda barci ba ya sacewa a bakin aiki.

Hajiya ce ba ta ga abin sha'awa ba. Da na buga mata waya Katsina na fara kwatanta mata cewa jirgin akwai inji, akwai rediyo, akwai rigar ceto, sai ta katse ni: "Kai dai ka sani, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya tsare, ya kai ku lafiya. Kada dai ka yi wasa da salla."

Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya ne, amma a taswira a gefen Afirka suke. Wanda ya fi kusa da gaɓar Maroko tazararsa kamar kilomita 100 ce. A Disamba rana takan kai awo 20 zuwa 22, don haka Turawan arewa ke kwararowa gudun sanyi. Na sauka a Las Palmas, babban birnin tsibirin Gran Canaria, na tarar da jirgin a ɗaure a tashar ƙananan jirage. Tsawonsa mita 12, da dogon turke guda a tsakiya wanda ake ɗaga manyan ƙyallaye biyu a jikinsa, iska ta cika su ta tura jirgin. Mai jirgin dattijo ne da ya yi ritaya, Kyaftin nake ce masa, matarsa kuma Mama. Ba a daɗe ba na gane cewa sunan kawai Kyaftin ya riƙe. Taswira da hasashen yanayi da ranar tashi duk a hannun Mama suke.

Ɗakina yana goshin jirgi, gado ne mai kusurwa uku, ƙafafu a wajen matsin. Akwati mai ƙafa ba shi da wurin zama a jirgi, tun daga Ingila aka ce in zo da jakar da za ta naɗu. Murhun gas a rataye yake a kan ƙarfe yadda zai riƙa lilo, jirgi ya karkata tukunya ta zauna daidai. Bayan gida da famfon hannu ake korawa, kuma babu abin da ake jefawa a ciki, ko takarda. Da Mama ta ga butata ta tambayi amfaninta, na yi mata bayani a taƙaice, ta ce da duk baƙinta da irinta suke zuwa da Kyaftin bai sha kwance bututu ba.

Hotunan da ake gani na masu jirage kwance a rana da tabarau ba ƙarya ba ne, amma awa guda ce a cikin ashirin da huɗu. Sauran duk lissafi ne. Tankin ruwanmu lita 400 ne, in an bar tasha babu inda za a ƙara. Wanka sai ka jiƙa jiki ka rufe famfo, ka goga sabulu, ka buɗe ka ɗauraye da sauri. Kwanuka da ruwan teku ake wankewa, a ɗan watsa musu ruwan daɗi daga ƙarshe. Wuta kuma daga batir take, sola da inji ke cika shi, firij da na'urar da ke riƙe sitiyari su ne manyan masu zuƙe shi. Kyaftin kafin ya ce ina kwana sai ya leƙa allon batir.

Ni nawa lissafin alwala ne, sau biyar a yini. A nan wani hadisi da muka karanta a Muwaɗɗa Malik ya faɗo mini. Wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce suna hawa teku suna ɗaukar ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su iya yi da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Lokacin da malam ke karanta mana shi a zaure babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin teku. Ga ni yau da bokiti mai igiya ina ɗebowa daga gefen jirgi. Kurkure baki ne kawai ke da wuya, gishirin har maƙogwaro. Alƙibla kuwa ba ta ba ni wahalar nema ba, kamfas na nan gaban sitiyari, daga Kanari kusan gabas sak ne, wajen awo 85. Matsalar ita ce in jirgi na kan anka ba ya tsayawa wuri guda, iska ke juya shi. Sai ka yi kabbara kana fuskantar gabas, kafin ruku'u ka ga tsibirin da ke damanka ya dawo gabanka, sai ka gyara tsayuwa ka bi alƙibla. In muna tafiya raƙuman ruwa sun yi ƙarfi, a zaune nake yi, ƙafa a tokare da benci.

Tashar Las Palmas a ƙarshen shekara zango ce ta fatake. Kowa a kan hanya yake, kowa jira yake. Duk shekara a ƙarshen Nuwamba, in lokacin guguwar Karibiyan ya wuce, babban ayarin jirage da ake kira ARC kan tashi daga nan ya tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia da ke Karibiyan, can gefen Amurka, tafiyar mil 2,700 na teku, shi kuwa mil na teku mita 1,852 ne. Tun 1986 ake yin wannan ayari. Waɗanda na tarar su ne waɗanda ayari ya bari. Wani injinsa ya lalace, wani kuɗinsa ya ƙare, wasu kuma da gangan suka zauna, don sun ce iskar da ke kai jirgi yamma ta fi daidaituwa a Janairu. Akwai iyalai da yara ƙanana da ake koya wa karatu a teburin cin abinci na jirgi. Akwai samari da 'yan mata masu jakar goyo da ke bin jirage ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda zai rage musu hanya zuwa Karibiyan, su yi girki da gadi a madadin kuɗin tafiya. Gaisuwar wurin ma daban ce. Ba a tambayarka aikinka, sai dai daga ina, zuwa ina, yaushe.

Mutanen Sifaniya daren 24 ga Disamba suke babban cin abincinsu na iyali, gari ya yi tsit tun da yamma. Mu na kan ruwa babu mai iyali a kusa, sai aka ce kowane jirgi ya kawo tukunya guda a haɗu a bakin tasha ranar Kirsimeti. Turakun jirage duk an naɗe su da ƙananan fitilu masu aiki da sola, wata Bajamushiya ta ɗaure bishiyar Kirsimeti ta roba wadda ba ta fi kamu biyu ba a jikin ƙarfen bayan jirginta, don kada iska ta tafi da ita. Ni na ce zan yi dafa-duka. Yin ta a murhu mai kai biyu, a kicin ɗin da in ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango, aiki ne. Na zuba kifin tuna da attaruhu, na ajiye yajin da na taho da shi a gefe. Wani Bafaranshe ya ɗauka garin ado ne ya barbaɗa cokali guda cur, ya yi ta hawaye yana ɗaga mini babban yatsa.

A irin wannan taro Musulmi sai ya buɗe baki ya yi tambaya. Cinyar alade busasshiya ita ce sarauniyar teburin Sifaniya, wannan kowa na ganinta. Wanda ba a gani shi ne wani alawar gari mai narkewa a baki da suke kira polvorones, wanda bisa al'ada da kitsen alade ake yi. Mama ce ta janye farantin daga gabana kafin in miƙa hannu. Na ci ƙananan dankalin turawa da ake dafawa a ruwan gishiri har fatarsu ta yamutse, ana dangwala su a miyar tafarnuwa da barkono mai suna mojo, na ci soyayyen fanke mai cikin dankalin hausa da ake yi a Kanari lokacin bikin, bayan mai shi ta tabbatar mini da man zaitun ta yi. Da aka buɗe kwalaben giya na koma gefe da shayina. Babu wanda ya matsa mini, kuma ba ni kaɗai ba ne, don duk wanda zai tashi da asuba ba ya sha.

Abin da na lura shi ne babu wanda ya yi maganar kyauta mai tsada. Kyaftin ya ba Mama sabuwar fitilar goshi, ita ta ba shi safar hannu ta jan igiya. Maƙwabcinmu ɗan Holan kyautar da ya fi murna da ita wata 'yar robar famfon inji ce da wani ya tono masa daga akwatin kayan gyara. Can da yamma aka watse, kowa ya nemi lungu da waya a kunne. Mama ta daɗe tana magana da jikokinta ta bidiyo, ta fito idonta ja, ta ce albasa ce, alhali babu wanda ya yanka albasa.

Mun so tashi washegari, Mama ta duba hasashe ta ce a'a. Da gari ya waye sai na ga sama ta yi fari-fari da ja-ja, tsaunukan tsibirin sun ɓace, leɓena ya fara tsagewa. Maƙwabta na ta ƙorafi suna rufe tagogi, suna cewa calima ta zo. Ni kuwa tun kafin a faɗa hancina ya gane ta. Ƙurar Sahara ce, wadda hunturu ke sauke mana a Katsina, a nan iskar gabas ce ke tsallako da ita teku. Ta kwanta a kan sola, wutar da ke shiga batir ta ragu, aka ba ni tsumma da ruwa kofi biyu in goge. Na fito da man kaɗanya na shafa, na miƙa wa Kyaftin, daga ranar kullum sai ya tambaya.

Da hazo ya washe iskar arewa maso gabas ta dawo, muka kwance igiyoyi muka bi gabar gabashin tsibirin zuwa kudu. Lokacin da aka ɗaga ƙyallaye aka kashe inji, jirgin ya ɗan kwanta gefe guda ya fara tsaga ruwa, na fahimci abin da ke sa mutum ya sayar da gida ya sayi wannan wahala. Daɗin bai daɗe ba. Tsibiran Kanari tsaunuka ne masu tsayi, iska in ta zo sai ta matse ta gefensu ta ƙara ƙarfi, kuma masu jirage sun san wuraren, ɗaya yana daidai filin jirgin saman Gran Canaria. Tun ruwa na kwance Mama ta hango farin kumfa a gaba ta ce a rage ƙyalle. Kyaftin ya ce mini ƙa'idarsu ita ce a rage shi tun lokacin da tunanin ragewar ya fara zuwa. Ba mu gama ɗaure igiya ba iskar ta iso. Cikina ya juya, na yi amai har na rasa abin amayarwa. Maganin da suka ba ni shi ne busasshen biskit da ɗanyar citta, da kuma sitiyari. Riƙe sitiyari na sa ido ya tsaya a can inda sama ta haɗu da ruwa, jirin sai ya lafa.

Mun jefa anka a kudu, kusa da garin masunta na Arguineguín, inda tsauni ke tare iska. Nan muka huta, muka kama kifi guda da ƙugiyar da ake ja a bayan jirgi, sannan muka shirya tsallakawa tsibirin Tenerife da dare.

Gadin dare awa uku-uku ne. Ka sa rigar ceto, ka maƙala ɗamararta a ƙarfen jirgi, kuma doka ce ba ka zuwa goshin jirgi sai ka tashi wani, don wanda ya faɗa ruwa da dare sauran na barci, shi ke nan. Aikin shi ne duk bayan minti goma ka miƙe ka duba kewaye, ka duba allon da ke nuna manyan jirage da sunansu da saurinsu da inda suka dosa. Sanyi na shiga ƙashi duk da ana cewa Kanari ba sanyi. A cikin gadina ne rediyo, wadda kullum ke kan tasha ta 16 ta neman agaji, ta yi magana da Sifaniyanci sannan da Turanci. Hukumar ceto ta teku ce ke sanar da jirage cewa akwai rahoton wani kwalekwale ɗauke da mutane a kudu da tsibiran, duk wanda ya gani ya ba da labari.

Na tashi Mama. Ta saurara, ta duba taswira, ta ce yana da nisa da mu ƙwarai, amma in ƙara sa ido, don irin waɗannan ba sa fitowa a allo kuma galibi ba su da fitila. Ta ce in an gamu da su ba a matsawa dab da su, mutane kan ruga gefe guda kwalekwalen ya kife, kuma ƙaramin jirgi kamar namu ba zai ɗauki mutum ɗari ba. Ana kiran hukuma ne, a faɗi wurin, a tsaya kusa har agaji ya zo.

Mu a Arewa hanyar Agadez zuwa Libiya muka fi sani. Wannan ita ce ta teku. Dogayen kwalekwalen kamun kifi ne ke tasowa daga Senegal da Gambiya da Muritaniya, wasu su yi fiye da kilomita 1,000 a kan ruwa. A 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 suka iso Kanari ta haka, yawancinsu a ƙaramin tsibirin El Hierro suka sauka. Shi kansa Arguineguín da muka kwana a gefensa, a ƙarshen 2020 mutum fiye da 2,000 suka taɓa cunkushewa a kan dandamalin tasharsa suna kwana a ƙasa. Wanda injinsa ya mutu ya kuskure tsibiran, iskar da masu jirage ke zaman jira a Las Palmas ita ce za ta tura shi tsakiyar Atlantika. An sha tsintar irin waɗannan kwalekwale a can Karibiyan bayan watanni, babu mai rai a ciki. Ni da na yi wunin jiya ina jin haushin wankan lita uku, ga rigar ceto a jikina, ga fasfo a jaka, ga shayi a fulas, sauran gadin nan ban zauna ba. Ban ga komai ba sai fitilun wani jirgin dakon kaya.

Da asuba dutsen Teide ya bayyana, mai tsayin mita 3,700 da 'yan kai, mafi tsayi a duk ƙasar Sifaniya, kansa fari da ƙanƙara. Tenerife ba mu daɗe ba, ruwa muka cika muka sayi burodi. A mashigin da ke tsakaninta da tsibirin La Gomera wasu manyan dabbobin ruwa baƙaƙe masu dunƙulallen kai, waɗanda ke zaune a wurin shekara da shekaru, suka taso kusa da mu suna fesa numfashi. Kyaftin ya sassauta ƙyalle muka bar su suka wuce.

San Sebastián, babban garin La Gomera, ƙarami ne, za ka zaga shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Daga nan Kiristofa Kolumbus ya tashi ranar 6 ga Satumba 1492 a tafiyar da ta kai shi Amurka, kuma har yau ana nuna rijiyar da aka ce a cikinta ya ɗebi ruwan tafiyar. Na leƙa ta da idon wanda ya san darajar lita. Daga nan ne kuma duk tsakiyar Disamba wasu ke tashi a ƙananan jirage, ba ƙyalle ba inji, su tuƙa da hannu har tsibirin Antigua a Karibiyan. Mun tarar sun riga sun tafi, sai hotunansu a bangon shaguna. Wannan kam ko kyauta aka ba ni na gode. Mutanen tsibirin suna da magana ta fito, wadda makiyaya ke yi daga wannan tsauni zuwa wancan a ji su sarai, tun 1999 ake koyar da ita a makarantunsu, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009. Wani mai gidan abinci ya gwada mana, ya sa yatsa a baki ya yi fito, yaronsa ya fito daga kicin da ainihin abin da aka ce ya kawo.

A nan sabuwar shekara ta same mu. Al'adar Sifaniya ita ce in agogo ya fara buga sha biyun dare, kowane bugu ka ci ƙwayar inabi guda, har sha biyu. Da yake agogon Kanari na bayan na Madrid da awa guda, sai da muka kalli mutanen babban yankin a talabijin ɗin wani shago suna cusa nasu, mu muna da sauran awa. Da namu ya zo dandalin garin ya cika, tsofaffi da yara kowa da ɗan kofinsa. Na kai ta bakwai bakina ya cika, dariya ta hana ni haɗiyewa. Daga tasha jirage suka saki ƙaho gaba ɗaya. Kyaftin bai bari an kai ƙarfe ɗaya ba ya ce a koma, ya ji iska ta sauya, yana so ya ƙara igiya.

Shirinsu shi ne su bar La Gomera a farkon Janairu su nufi Mindelo ta Cape Verde, daga can su tsallaka. Sai na'urar riƙe sitiyari ta fara ƙugi. Tsofaffi biyu ba za su iya riƙe sitiyari da hannu dare da rana har tsawon makonni ba, dole a jira kayan gyara daga Tenerife. A Sifaniya kuwa biki bai ƙare ba sai 6 ga Janairu, ranar Sarakuna Uku, wadda ita ce ranar da yara ke karɓar kyaututtukansu, kuma mai shagon ya ce kada a sa rai da komai kafin ranar ta wuce. Mama ta ɗaga kafaɗa ta ɗauko fulawa ta hau kwaɓa burodi. Ni hutuna ya ƙare, na bar wa Kyaftin ragowar man kaɗanya, na hau babban jirgin fasinja zuwa Los Cristianos da ke Tenerife. Mashigin da ya ci mana rabin yini, cikin minti 50 ya tsallake shi.